Filin Tambaya da Amsa: Ɓoye Wayoyi da Kimtsa Wayarin a Babur ɗin da Aka Sauya wa Siffa

Salon rage wa babur kaya, a cire murfin gefe, a datse baya, a bar inji da firam a fili, ya samo asali ne daga samarin Landan na shekarun 1950 da 1960 masu rage wa baburansu nauyi don tsere, da kuma Amurkawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yanzu samarinmu suna ganinsa a YouTube da Instagram, suna gwadawa a kan Honda CG125 da ire-irensa na ƙasar Sin, ko a kan Bajaj Boxer. Walda da fenti ba su cika gagarar kowa ba. Inda aikin yake tsayawa shi ne wayarin, kuma a kansa ne tambayoyin wannan karon suka taru.

Na cire murfin gefe da akwatin iska na babur ɗina samfurin CG125, sai ga wayoyi sun zubo ta ko'ina. Ta ina zan fara? (Mai karatu daga Zariya)

Malam, fara da ajiye almakashi. Yawancin wayarin da ya lalace a irin wannan aiki, a ranar farko aka lalata shi, lokacin da aka yanke wayoyi kafin a san aikin kowacce.

Cire wayar negatif daga batir tukuna. Ka ɗauki hoton kowane soket da wayarka kafin ka zare shi, ka liƙa ɗan tef na takarda a ɓangarorinsa biyu, ka rubuta lamba iri ɗaya. Daga nan ka warware tsohon baƙin tef ɗin da ya naɗe damin wayoyin gaba ɗaya, ka goge danƙonsa da tsumma da sifirit, amma ka ɗaure damin da zare a duk inda reshe ya fita don kada siffarsa ta ɓace.

Launin waya zai taimake ka ƙwarai. A tsarin Honda, wanda yawancin baburan Sin masu kwaikwayon CG125 suke bi, koriyar waya ita ce ta ƙasa, wato negatif. Ja daga batir take, kullum da wuta a cikinta. Baƙa ba ta samun wuta sai an murɗa makulli. Ruwan lemo siginar hagu, shuɗiya mai haske siginar dama, ruwan toka daga rile na sigina, wato ɗan makunnin da ke sa sigina ƙiftawa. Shuɗiya babbar fitila, fara ƙaramar fitila, ruwan ƙasa fitilar baya, kore mai ratsin rawaya fitilar birki, baƙa mai ratsin rawaya kuma daga CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, zuwa kwayil ɗin fulogi. To amma a kula, wannan ba dokar kowane kamfani ba ce. A Yamaha baƙa ce ta ƙasa, ruwan ƙasa ce mai wuta bayan makulli. A Suzuki ta ƙasa baƙa ce mai ratsin fari. Wanda ya saba da Yamaha ya zo kan Honda ya ɗaure baƙar waya a jikin firam, to ya haɗa wuta da ƙasa kai tsaye. Masu Boxer da TVS su tabbatar da kowace waya da mitar auna wuta, kada su dogara da launi.

Mataki na gaba shi ne a nema wa kowane kaya mazauni kafin a taɓa tsawon waya: batir, fiyus, CDI, rile na sigina, rile na sitata in akwai, rektifaya mai daidaita cajin batir, da kwayil. Abin da aka fi yi shi ne a ƙera ɗan faranti mai zurfi a ƙarƙashin kujera, tsakanin ƙarafan firam biyu, da fallen ƙarfe mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.5, zurfinsa santimita 4 zuwa 5. Kafin a yi masa walda a gwada shi da tayar baya. A kwance shokazoba biyun, a ɗaga tayar zuwa iyakar inda za ta kai in an faɗa rami da fasinja a baya, a tabbatar akwai tazarar aƙalla santimita 2. Mutane da yawa suna aunawa babur na tsaye babu kowa a kai, sai taya ta cinye farantin a tafiyar farko. A huda ƙananan ramuka na milimita 5 ko 6 a kusurwoyinsa don ruwan damina da na wanki ya riƙa fita, a shimfiɗa robar tsohon tub a ƙasansa. CDI da rile ba sa son girgiza, don haka a bar su cikin rigar robarsu ta asali. Rektifaya kuwa ba ta shiga cikin wannan faranti, dalilin yana nan gaba.

Babban damin wayoyi ya bi ƙashin bayan firam, a ƙarƙashin tanki, ta gefen da wayar totur ba ta bi ba. Ka ɗora tanki ka duba ko yana danne shi. In ido bai isa wurin ba, shafa alli a cikin ramin tankin, ka ɗora ka cire, za ka ga inda ya taɓa. Ka nisanta damin da kan silinda aƙalla santimita 5, da salansa aƙalla santimita 10. Siririyar wayar da ke kawo wa CDI saƙon lokacin ba fulogi wuta daga cikin inji, shuɗiya mai ratsin rawaya a yawancin masu tsarin Honda, kada ta kwanta a jikin kaurarar wayar fulogi, domin ƙarfin wutar fulogi yana iya rikita ta, injin ya riƙa sarƙewa in an ja totur, a yi ta zargin kafireta a banza.

Wuyan babur shi ne inda waya ta fi karyewa. Son a ga komai a ɗame yana sa a rage tsawon damin a nan, sai ya zama duk juyin sitiyari jan waya ne. Ka juya sitiyarin zuwa ƙarshen hagu da ƙarshen dama, damin ya kasance yana da ɗan lanƙwasa a duka biyun, bai miƙe ɗam ba, kuma bai shiga tsakanin ƙarafan da ke tsayar da sitiyari ba.

Sai ka rage ko ka ƙara tsawon wayoyi, ɗaya bayan ɗaya. Ka yanke guda, ka haɗa ta, sannan ka taɓa ta gaba. In an gama, kada a naɗe. A ɗaure damin na wucin gadi, a mayar da batir, a gwada kowace fitila da hon da sitata, a hau babur ɗin kwana biyu ko uku. In komai lafiya, sannan a naɗe, a ɗaure shi a jikin firam da maɗaurin roba duk bayan santimita 10 zuwa 15, ba tare da an shaƙe shi ba. Muna ba da shawara mai ƙarfi a bar soket a wurare uku, cikin ƙoƙon fitilar gaba, inda wayoyin inji suke fitowa, da wajen fitilar baya. Ranar da za a sauke inji, wanda ya haɗe komai ba soket sai ya sake yankewa. Ka kuma zana taswirar abin da ka yi a takarda, ka sa a leda ka ajiye a ƙarƙashin kujera, saboda mai wayarin da zai karɓi babur ɗin wata rana a garin da ba naka ba.

Ina so wayoyin makunnai su bi ta cikin sitiyari. Ko kowane sitiyari ake iya hudawa? (Mai karatu daga Maraɗi)

A'a. Na ƙarfe kaɗai. Sitiyarin alminiyam ba a huda shi, domin tsaga tana farawa daga bakin ramin, kuma ba ya lanƙwasa ya ba ka gargaɗi, karyewa yake yi farat ɗaya. Ka gwada da maganaɗisu in kana shakka.

Sitiyarin ƙananan babura faɗinsa milimita 22 ne ta waje, ramin cikinsa wajen 18. Ramuka uku ake buƙata: ɗaya a ƙarƙashin kowane gidan makunni, na milimita 8, sai ɗaya a tsakiya, tsakanin maɗauran sitiyari biyu, na milimita 10 zuwa 12, yana kallon ƙasa don ruwa ya samu hanyar fita. Ba a huda kan lanƙwasa, ba a huda inda maɗauri yake matsewa. A ɓangaren dama a lura da bututun totur, wanda ke juyawa a kan sitiyarin. Ramin ya kasance can cikin gidan makunni, inda bututun bai kai ba. Wayar da ta goga da shi tana iya riƙe totur a buɗe.

Ka ɗora makunnan a inda hannunka yake so, ka yi alama, sannan ka sauke sitiyarin daga babur. Ka fara da siririn bakin huda na milimita 3, ka faɗaɗa a hankali. Aikin da ya fi muhimmanci yana zuwa bayan hudar: a goge bakin ramin ciki da waje da zagayayyen magagari har sai ka zura ɗan yatsa ko tsumma ba abin da ya kama. A busa garin ƙarfen ya fita, a shafa fenti saboda tsatsa.

Wayoyin su shiga cikin riga, ko dai saƙaƙƙiya ko robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, tun daga makunni har su fito. Makunnin hagu yana iya ɗaukar waya takwas ko fiye, don haka a yi amfani da sirara masu 0.5. Soket ba zai wuce ta rami ba. Maimakon yanke shi, a zare ƙananan ƙarafan cikinsa da allura, a rubuta gurbin kowanne, a mayar da su bayan an ja wayar. Wajen ja, tsohuwar wayar birki ko ta kuloci ta fi komai. A zura ta tukuna, a ɗaure wayoyin a bakinta a jere, wata gaba da wata don kada su yi dunƙule, a shafa ɗan ruwan sabulu, mutum ɗaya yana turawa ɗaya yana ja. In ta cije, a koma baya. Kada a yi ƙarfi, domin ɗinkin waldan da ke cikin bututu yana da kaifi.

Kafin ka mayar da sitiyarin, sa mita a kan gwajin haɗuwa, tsinke ɗaya a jikin ƙarfen sitiyari, ɗayan a kan kowace waya bi da bi. In ta yi ƙara a wayar da ba ta ƙasa ba, rigarta ta yage a ciki. A fito da ita.

Firam fa? Na ga ana zura wayoyi a ciki. (Mai karatu daga Jos)

Ana yi, amma a wuri ɗaya kawai muke yarda da shi: ƙarafan baya da ke ƙarƙashin kujera, don kai waya uku zuwa biyar ga fitilar baya da sigina. Rami na milimita 6 zuwa 8, ta ƙasan bututun, da zoben roba a bakinsa. Kusa da wuya, wajen maɗauran inji, wajen da hannun tayar baya yake juyawa, da duk inda yake kusa da walda, ba a taɓawa. Nan ne nauyin babur da dukan hanya suke taruwa.

Abin da ya fi sauƙi shi ne a yi waldan ƙananan kunnuwa na ƙarfe ta gefen firam da ido ba ya gani, a ɗaura damin a kansu. Baƙin dami a bayan baƙin firam, sai wanda ya durƙusa zai gan shi. Kafin mai walda ya kunna inji, a sauke tanki, a cire batir, a zare CDI da rektifaya. Kuma wajen goge firam don fenti, kada a shafe lambar da ke jikin wuya, ita ce ke cikin takardunka.

Mai gyaranmu murɗe waya yake yi ya naɗe da tef. Wani ya ce dalma ta fi. Wanne ne daidai, kuma wace waya zan saya? (Mai karatu daga Kano)

Murɗewa da tef dabarar kan hanya ce, ta kai ka gida. A wayar da ke fili ma ba ta daɗewa, balle wadda za a binne a ƙarƙashin tanki. Zafin watan Afrilu a Kano, ga na inji a kai, yana narkar da danƙon baƙin tef, ya zame, ƙura da damshi su shiga, jan ƙarfen ya yi kore. Mahaɗar da ta yi kore tana hana wuta wucewa sosai, sai ta riƙa ɗumi, ɗumin ya ƙara sassauta ta.

Dalma tana riƙewa, amma tana da illa guda a babur. In an zuba ta da yawa sai ta bi cikin siraran zaren wayar, ta mayar da wurin sandararre, girgiza kuma ta karya wayar daidai inda dalmar ta ƙare. Shi ya sa kamfanonin babura matsewa suke yi da ƙaramin ƙarfe. In kana da filayar matse kan waya ta gaske, mai hakoran da ke naɗe kunnuwan ƙarfen su shige cikin zaren, to ita ce zaɓi na farko. Filaya ta gama-gari lallatsa ƙarfen kawai take yi. Gwajin mai sauƙi ne: bayan ka matse, ja wayar da ƙarfi, in ta zare to da ma ba ta kamu ba. In dalma ce kaɗai a hannu, a sa kaɗan, a rufe da roba mai tsukewa wadda ta zarce mahaɗar da santimita ɗaya da rabi ta kowane gefe, zai fi kyau irin mai gam a ciki. Kada mahaɗa ta faɗo a wuya ko wani wurin da waya ke motsi. In wayoyi da yawa za a haɗa a wuri guda, a jera mahaɗunsu da tazarar santimita 2 zuwa 3, damin ba zai yi ƙullutu ba, kuma ko roba ta huje ba za su taɓa juna ba.

Wajen naɗe damin, tef na yadi irin na wayarin mota ya fi baƙin tef na roba nesa ba kusa ba. A kusa da inji da wuya a ƙara riga a kai.

Game da waya, ana auna ta ne da faɗin jan ƙarfen cikinta, a mm². Mai 0.5 ta isa makunnai, fitilun LED da wayar da ke kunna rile. Mai 0.75 zuwa 1.0 don sigina, fitilar birki da fitilar gaba mai wat 35, wadda ke jan kusan amp 3. Mai 1.5 don fitila mai wat 55 ko 60, da hon. Mai 2.0 zuwa 2.5 don babbar waya daga batir zuwa fiyus da makulli, da layin caji. Sitata ta ƙaramin babur tana son mai 6 zuwa 10, kuma wayar ƙasa daga batir zuwa inji ta zama kauri ɗaya da ita.

Abu biyu za ka guje wa a kasuwa. Na farko wayar gida mai ƙarfe guda a ciki, girgiza tana karya ta. Na biyu wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe. Ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske, tana saurin rubewa a mahaɗa, kuma ba ta da juriyar lanƙwasa. Ka kankare zare ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki to ita ce. Ko ka kunna masa laita: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, alminiyam zai lanƙwashe ya zube. Tsohon damin wayoyin mota daga wurin masu sayar da kayan gwanjo sau da yawa ya fi sabuwar waya mai araha, ga launuka iri-iri. In ka ƙara tsawon waya, ka ƙara da launinta. Babur ɗin da duk wayoyinsa ja ne ko baƙi, ba mai iya gyara shi sai wanda ya haɗa, shi ma na ɗan lokaci.

Na sa batir da rektifaya cikin rufaffen akwati a ƙarƙashin kujera. Yanzu batir ya kumbura, ƙwayayen fitila suna ƙonewa. (Mai karatu daga Kumasi)

Ɗan'uwa, daina hawansa har sai an gyara, kuma wannan batir ya gama aiki.

Rektifaya tana mayar da wutar da inji ke samarwa irin wadda batir ke karɓa, tana kuma rage abin da ya yi yawa, rarar ta fita a matsayin zafi. Haƙarƙarin da ke jikinta don iska aka yi su. In an kulle ta a akwati, sai ta dafa kanta, ɓangaren da ke kayyade wutar ya mutu, wuta ta hau ba iyaka. Ka ɗaura ta a ƙasan farantin ta waje, ko a gaban firam ƙarƙashin wuya, a jikin ƙarfe, inda iska ke bugunta. In an yi wa maɗaurinta baƙin fenti ba mai lura da ita.

Auna da mita a kan batir mai lafiya. Inji a kashe, volt 12.5 zuwa 12.8. Inji na aiki an ɗan ja totur, 13.5 zuwa 14.5. In ya haura 15, akwai matsala. Amma kafin ka sayi sabuwa duba abu biyu. Wayar ƙasanta ta kamu da kyau? Sannan wasu rektifayoyi masu tsarin Honda suna da baƙar waya da suke jin ƙarfin wutar babur da ita. In mahaɗar wannan waya ta yi sako-sako, ko makulli ya yi datti, rektifayar za ta ga kamar batir bai cika ba, ta yi ta tura masa wuta. Sabuwa ma haka za ta yi in ba a gyara mahaɗar ba.

Batir mai ruwa a tsaye kaɗai yake zama, da tiyon numfashinsa yana kallon ƙasa, nesa da sarƙa da firam. Busasshen batir rufaffe ana iya kwantar da shi a gefe, ban da kifewa. Na lithium ƙarami ne mara nauyi, shi ya sa masu wannan salo suke sonsa, sai dai ba ya jure cajin da ya wuce 14.6, don haka kada a sa shi a babur ɗin da ba a auna cajinsa ba. Kowanne ne, akwatin ya samu ramin iska, a ɗaure batir ɗin da roba kada ya yi tsalle, a kuma rufe kan fozitif. Ƙasan kujerar da aka ƙera da ƙarfe, in mai nauyi ya zauna ta lotsa ta taɓa kan batir, babu fiyus ɗin da zai tare wannan.

Tun da aka yi wa firam sabon fenti, fitilar gaba ta rage haske, in na kunna sigina fitilar baya ma tana ƙiftawa. (Mai karatu daga Sakkwato)

Wayar ƙasa ce. Wuta ba ta bi ta fenti, kuma wutar da ta rasa hanyar komawa batir sai ta bi ta cikin wani ƙwan fitilar. Ka zaɓi noti ɗaya a jikin firam kusa da batir, ka goge fentin wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ka tara duk wayoyin ƙasa a nan da zobban ƙarfe, ka ɗaure, ka shafa giris a kai. Daga wannan noti waya ɗaya ta tafi negatif na batir, wata mai kauri ta tafi jikin inji. Fitilar gaba, sigina da makunnai kowanne a ja masa wayar ƙasarsa. Kada a bar wuta ta koma ta boris ɗin wuya, tana cinye shi, hasken kuma ya riƙa rawa in an juya sitiyari. Don tabbatarwa, kunna fitila, sa tsinken mita ɗaya a negatif na batir, ɗayan a ƙasan ƙwan fitilar. Abin da ya wuce rabin volt asara ce.

Na sa ƙananan sigina na LED. Suna ƙiftawa da sauri, wani lokaci duka huɗun su kama. (Mai karatu daga Damagaram)

Matsala biyu ce. Tsohon rile an yi shi ne don ƙwayaye masu wat 10, LED kuwa ba ya jan abin kirki, sai rilen ya rikice. A sauya shi da na lantarki wanda aka yi don LED. Ya fi a ƙara abin da ke cinye wuta a layin, domin wannan zafi yake yi, bai dace da ɓoyayyen wuri ba. Kamawar duka huɗun kuwa daga ƙwan nan guda ɗaya ne na kan allon mita, wanda ke haɗe da hagu da dama, wuta tana ratsa shi ta tsallaka ɗaya gefen. A sa diyod biyu, wato ɗan abin da ke barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kaɗai, 1N4007 ya isa, ɗaya daga wayar hagu ɗaya daga ta dama, ɓangaren mai zobe yana kallon ƙwan, ɗayar ƙafar ƙwan kuma a kai ta ƙasa. Kuma don Allah ƙanƙantar sigina da fitilar birki kada ta kai inda direban da ke bayanka ba zai gan su da rana ba.

Na ƙara hon biyu, fitilun ado, cajar waya da na'urar bin sawu. Fiyus yana ta ƙonewa, sai aka naɗa masa takardar sigari. Batir kuma yana mutuwa in babur ya kwana biyu. (Mai karatu daga Kaduna)

Cire wannan takarda yau. Fiyus yana ƙonewa ne don kada waya ta ƙone, kuma wayarka a ƙarƙashin tankin fetur take kwance.

Kayan ƙari ba a rataya su a kan wayar da aka tarar mafi kusa. A ja sabuwar waya mai 2.0 daga fozitif na batir, da fiyus ɗinta a cikin santimita 15 na farko, domin duk tsawon da ke gaban fiyus ba shi da kariya. Ta shiga rile mai ƙafa huɗu: ƙafa ta 30 daga batir, ta 87 zuwa kayan, ta 86 daga wayar da ke samun wuta bayan makulli, ta 85 zuwa ƙasa. Da haka caja da fitilun ado suna mutuwa da zarar an zare makulli. Manyan hon biyu suna iya jan amp 8 tare, abin da maɓallin sitiyari ba zai jure ba, don haka su ma rilensu daban, maɓallin ya kunna rilen kawai.

Girman fiyus lissafi ne: tara wat na kayan, raba da 12, ƙara kamar kashi ɗaya cikin uku, ka ɗauki fiyus mafi kusa ta sama, muddin bai fi ƙarfin wayar ba. Fiyus masu ƙafa biyu launinsu yana faɗin girmansu, ja 10, shuɗi 15, rawaya 20. A ajiye gidan fiyus inda hannu zai kai da ɗaga kujera kawai, da na canji guda biyu a gefensa.

Mutuwar batir kuma daga abin da ke shan wuta ne babur na kashe. Na'urar da ke jan miliamp 10 kacal tana cinye kusan rubu'in amp-awa a kwana ɗaya, wato rabin batir mai amp-awa 5 (5Ah) cikin kwana goma. Naka da ke mutuwa a kwana biyu, ko dai abin da ke sha ya fi haka sosai, ko caji ba ya cika shi tun farko. Cire negatif, sa mita tsakaninsa da kan batir a ma'aunin amp, makulli a kashe, ka zare kayan ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Sannan ka kunna inji da duk kayan, ka ɗan ja totur. In batir bai kai volt 13 ba, kayan sun fi ƙarfin cajin babur ɗin, sai a rage. Na'urar bin sawu ita kaɗai za a bari a kan wuta kullum, da ƙaramin fiyus nata, a ɓoye ta ƙarƙashin roba ko soson kujera, domin ƙarfe yana tare mata sigina.

In bayan duk wannan fiyus bai daina ƙonewa ba, akwai inda waya ta goge tana taɓa ƙarfe. Zare fiyus ɗin, ka haɗa ƙwan fitila mai wat 21 a gurbinsa, ka kashe duk fitilu, ka murɗa makulli. Muddin wayar na taɓa ƙarfe, ƙwan zai haska sosai, kuma ba abin da zai ƙone. Sai ka bi damin kana motsa shi da hannu, ka juya sitiyari hagu da dama, ka danna tanki, ka zauna a kujera, ka zare soket ɗaya bayan ɗaya. Inda hasken ya dushe ko ya ɗauke, a nan za ka warware tef.